Batir uku da yatsu goma

Duk wanda ya ga hoton nan da nake tsaye a bakin daskararren tafki, jaka a baya, ina kallon nesa kamar wanda abin duniya ya isa, tambayarsa ɗaya ce: to wa ya ɗauke ka, ba ka ce kai kaɗai ka tafi ba? Ni kaɗai na tafi. Abin da hoton bai faɗa ba shi ne sau bakwai na yi wannan tsayuwar. In kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, in danna ƙidayar daƙiƙa 10, in zagaya ta bayan wani dutse a guje don kada sawuna ya ɓata dusar ƙanƙarar da ke gaba, in tsaya ina haki ina ɓoye hakin. Bawan Allahn da ke cikin hoton ba tunanin komai yake yi ba. Ƙirge yake yi, takwas, tara, goma, yana jin yatsun ƙafarsa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Haka abin yake idan kai ne mai ɗauka, kai ne kuma abin ɗauka. Hoton da za a gan ka kana tafiya, kana ƙanƙancewa can tsakanin itatuwa, sai ka taka hanyar sau uku: ka je don hoto, ka dawo ka kwashe kaya, ka sake tafiya ta gaskiya. A taswira tafiyar kilomita 12 ce, a ƙafa ta koma 14. Ga shi a tsakiyar Disamba, a dazukan arewa mai nisa inda nake zuwa, ƙarfe huɗu na yamma da 'yan mintuna rana ta yi sallama, dare ya shimfiɗa tabarmarsa na awa 15 ko fiye. Duk mintin da ka ba kyamara, daga lokacin neman makwanci ka ciro shi.

Na daɗe ina wannan yawon kafin in gane cewa a cikin sanyi sayen hoto ake yi, kuɗin kuwa ɗumin jiki ne. Kana tafiya kana tara shi. Ka tsaya, ya fara zirarewa. Ka cire safar hannu don juya wani ɗan maɓalli da aka ƙera domin yatsun mutumin da ke zaune a ɗaki, ka biya ninki. Idan ku biyu ne, ɗaya zai kunna murhu ɗaya ya yi ta wasa da kyamara. Kai kaɗai kuwa, hannayen da ka kashe wajen hoto su ne dai za su ɗaure igiya, su ƙyasta ashana, su ja zif.

Bari in faɗi makwancina, don shi ne rabin labarin. Ba na ɗaukar tanti. Gadon lilo nake ratayawa tsakanin itatuwa biyu, in ja tamfol a samansa. Abin dariyar shi ne gadon nan ɗan ƙasar zafi ne. A wurin mutanen Taino na tsibiran Karebiyan Kolumbus da mutanensa suka gan shi a 1492, daga bakinsu ma sunan da Turawa ke kiransa da shi ya fito. Aikinsa ke nan, iska ta ratsa ƙarƙashin mai barci ta sanyaya shi. Mu kuma muka kinkimo shi muka kawo cikin dusar ƙanƙara, sannan muna mamakin abin da ya same mu. Daren farko da na kwana a cikinsa, shekarun baya, sanyin bai ma kai sifili ba, digiri 5 ne, ina kuma cikin jakar barci mai kauri. Ƙirjina na gumi, bayana kamar na jingina da ƙarfe. Ashe ba gashin agwagwar da ke cikin jakar ke ɗumama mutum ba, iskar da gashin ya tsare ce. Nauyinka ya danne shi, iskar ta fice, saura kai da siraran ƙyallaye biyu da iskar Allah. Maganin wani bargo ne da ake ratayawa daga waje, ƙarƙashin lilon, ya rungume shi ba tare da an kwanta a kansa ba. Amma fa sai ya manne. Rata ko ta tafin hannu ce, a wajen kafaɗa ko ƙafa, ta isa ta tashe ka ƙarfe biyun dare.

Na nace wa lilon ne saboda ƙasa a irin wannan daji duwatsu ce da saiwoyi da gangare, fili mai faɗin tanti sai an sha wuya, itatuwa kuwa sai ka zaɓa. Biyu masu tazarar mita 4 zuwa 5 sun wadatar. Kuma da asuba in na ɗage gefen tamfol, abin da zan ɗauka yana gabana, ko ƙafa ban fitar daga bargo ba.

Sai dai idon mai hoto mugun mashawarci ne wajen zaɓen itace. Shi kyau kawai ya sani. Yana son lilo a miƙe sambal kamar igiyar shanya, alhali kamata ya yi igiyar ta sauko daga jikin itace da kusurwar digiri 30 ko kusa da haka. A wannan kusurwa jan da ke kan kowane ɓangare daidai yake da nauyin jikinka. Ka ɗame ta zuwa digiri 10, jan ya kusa ninkawa uku, a kan igiya da ƙulli da itacen duka. Yana son bakin ruwa, alhali iska mai sanyi nauyi gare ta, da dare gangarowa take yi ta taru a kwari da gefen tafki kamar ruwa a kwano. Ƙa'idar masu kwanan daji ma ita ce a ja baya da ruwa kamar mita 60. Yana son tsohon itacen nan mai karkatattun rassa, wanda shi ne mai busasshen reshe da ke jiran iska. Yanzu kafin in leƙa ta kyamara sai na ɗaga kai sama tukuna. Ɗaurin kuma da ɗamara mai faɗi nake yi, aƙalla santimita 2.5, don siririyar igiya yanka ɓawo take yi, ƙarƙashin ɓawon nan kuwa ran itacen yake.

Tafiyar da nake son ba da labarinta ta kwana uku ce. Na bar wa ƙanwata takarda: inda zan ajiye mota, hanyar da zan bi, ranar fitowa, da sa'ar da in ta wuce ba ta ji ni ba ta kira masu ceto. Ina kuma riƙe da 'yar na'urar nan mai aika saƙo ta taurarin ɗan'adam na Iridium, su 66 da ke kewaya duniya, don waya a can ba ta da wani amfani sai hoto. Kullum da magariba in tura mata kalma biyu, kullum amsarta iri ɗaya: "Yaya, wai dole ne?"

Dare na biyu sama ta washe. Ba gajimare ko ɗigo, ba iska, wata bai fito ba tukuna. Mai hoto ya ga haka zai washe baki, mai kwanan waje kuwa ya san abin da ke tafe, don gajimare shi ne mayafin ƙasa. In babu shi, ɗan ɗumin da ta tara da rana sama yake tafiya kai tsaye. Ɗan ma'aunin da ke rataye a jakata ya nuna digiri 6 ƙasa da sifili da magariba. Kafin ƙarfe tara ya kai 11 ƙasa da sifili.

Murhun ma sai da na lallashe shi. Gas ɗin gwangwani gauraye ne: butan yana daina tashi da zarar an sauka ƙasa da sifili kaɗan, isobutan yana jurewa zuwa wajen 12 ƙasa da sifili, furofan har 42. Furofan ɗin ne ke fara ƙarewa, shi ya sa gwangwanin da ya yi rabi ya fi sabo ragwanci a sanyi. Nawa ya yi rabi. Sai da ya yi minti goma a hammatata kafin ya yarda ya narka mini dusa ya tafasa. Ruwan na ɗura a gora mai jure zafi, na murɗe murfi da kyau, na cusa ta a safa na jefa can ƙasan bargo. Matacin ruwa da waya da batura biyu suna aljihun ciki. Shi mataci in ya daskare 'yan zaruruwan cikinsa fashewa suke yi, kuma ba abin da zai nuna maka daga waje, sai ka yi ta shan ruwa kana zaton tacacce ne.

Hoton da na zo dominsa ya daɗe a kaina: tamfol da haske a cikinsa kamar fitilar ƙwai, itatuwa baƙi ƙirin, sama fal da taurari, Kaza da 'Ya'yanta can a kusurwa. Na rataya fitilar goshi a cikin tamfol, na rage ta iyakar ragewa, na sa mata farar safa, don in idon kyamara zai zauna a buɗe daƙiƙa 20, ko ɗan haske ƙona hoto yake yi. Gilashin kyamarar mai faɗin gani ne, tsawonsa milimita 20. Akwai wani tsohon lissafi na masu ɗaukar taurari: ka raba 500 da tsawon gilashinka, abin da ya fita shi ne daƙiƙun da kake da su kafin taurari su fara jan wutsiya, tunda duniya juyawa take digiri 15 kowace awa, ba ta jiran kowa. Nawa ya ba da 25. Kyamarorin yanzu sun fi wannan lissafin kaifin ido, don haka na tsaya a 20. Saitin nesa kuma da hannu ake yinsa, don a duhu kyamara lalube kawai take, gaba da baya. Ka nemi tauraro mai haske, ka faɗaɗa shi a allo, ka juya zobe a hankali har ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta. Duk wannan kana riƙe da numfashi. Ka saki huci sau ɗaya kusa da gilashi, ya zama farar ƙanƙara nan take.

A nan na yi wautar. Farantin da ke haɗa kyamara da ƙafafun ya saki, sai sunkuyowa take a hankali kamar mai gyangyaɗi. Kusar irin mai tsaga ce, tana son wani abu lebur, abin da ke aljihuna kuwa makullin mota ne. Safar hannuna biyu ce, siririya a ciki, babba a waje. Na cire duka biyun saboda siririyar zamewa take. Na ce ai minti ɗaya ne. Ƙafafun na alminiyum ne, ƙarfen da ke zuƙe ɗumi kamar soso. Na riƙe, na murɗa, ta zauna daram. Na kunna ta a kan ta riƙa ɗauka da kanta, hoto ɗaya kowace daƙiƙa 25 har batir ya mutu, da niyyar in haɗa su a kwamfuta su ba da zoben taurari. Na zo mayar da makulli aljihu, ya suɓuce. Ko ƙara bai yi ba. Dusar ta kai gwiwa, motar kuma tana nisan yini guda, a ƙarshen hanyar da ba kowa ke bi ba a wannan watan.

Na durƙusa na shiga tono da hannu tsirara. Minti ɗaya ya zama shida ko bakwai. Na gan shi, alhamdu lillahi, amma da na kai hannu yatsun suka ƙi rufewa. Ba ciwo ko kaɗan, wannan ne ma ya tsorata ni. Akwai gwajin da ake yi, ka taɓa ɗan ƙaramin yatsa da babban yatsa. Na dama ya ƙi isa, ya tsaya a na tsakiya. Da gefen hannaye biyu na ɗago makullin kamar mai ɗiban ruwa, na sa shi a baki.

Na nufi tamfol, na tura hannayen ƙarƙashin riga, a hammata, fata da fata. Ba a murza su, ba a kuma kai su bakin wuta ko jikin gorar ruwan zafi, don fatar da ba ta ji ba za ta san ta ƙone ba. Da jini ya fara dawowa, wallahi na gwammace rashin jin. Kamar an sa yatsun a ƙofar mota an rufe. Na zube a kan gwiwa ina wasu maganganu da ba zan rubuta su ba. Da ya lafa na rarrafa cikin lilo, takalmin ma da kyar na zare, na ce kyamara ta ji da kanta.

Da asuba na tarar da ita a mace, fara fat kamar an barbaɗa mata gishiri. Batirin ya yi awa ɗaya da minti goma, hotuna 170. Ban ga laifinsa ba. Takardar da ke zuwa da yawancin kyamarori cewa take daga sifili zuwa digiri 40, masu ƙarfin hali su ce har 10 ƙasa da sifili. Sanyi kasala yake sa wa batirin litiyom: aikin sinadaran ciki ya yi nauyi, ƙarfin da yake turowa ya faɗi, kyamara ta ɗauka ya ƙare. Ka ba shi rabin awa a aljihun ƙirji, ya farfaɗo kamar ba shi ba. Shi ya sa nake tafiya da uku, ɗaya na aiki biyu na jin ɗumi, ina canza su kamar masu gadi. Abin da ba a yi shi ne a yi masa caji yana ƙasa da sifili, wannan lahanin ba ya warkewa.

Daga baya da na duba, tun daga hoto na sittin da wani abu taurarin suka fara kumbura, suka koma kamar fitilu a hazo, daga ƙarshe babu komai sai toka-toka. Gilashin da ke kallon sarari a dare irin wannan yana fin iskar da ke kewaye da shi sanyi, sai ɗan damshin da ke cikinta ya sauka a kansa ya daskare. Maganinsa ɗan ƙunshin nan na ɗumama hannu, mai garin ƙarfe a ciki da ke yin zafi idan ya sha iska ya fara tsatsa. A ɗaure shi a wuyan gilashi da roba, shi ke nan. Ina da huɗu. Suna can ƙasan jaka, inda na adana su don kada su ɓata.

Sai na ɗora wauta a kan wauta. Gabas ta fara ja, ina rawar jiki, na cusa kyamarar cikin rigata don ƙanƙarar ta narke. Ta narke kuwa. Amma cikin rigar mutumin da ya kwana a bargo tururi ne zalla, duk ya sauka a kan sanyin ƙarfe da gilashi, har ta ciki inda ƙyalle ba ya kaiwa. Ina fito da ita ya sake daskarewa. Na san wannan, na sha faɗa wa wasu da bakina: kyamarar da ta yi sanyi a bar ta da sanyinta, batir da katin ajiyar hotuna kawai ake cirewa, in za a shiga mota ko ɗaki, a rufe ta a leda mai zif tun a waje, a ba ta awa biyu, gumin ya sauka a kan ledar. Sauri ya haifi nawa. Ina zaune da makauniyar kyamara a cinya rana ta taɓa kawunan itatuwa, suka yi ja kamar garwashi, tururi na tashi daga inda rafi ke shiga tafki, ɗan wurin da bai daskare ba. Kamar minti 15 aka yi ana haka. Na zaro waya, ta nuna kashi 60, na ɗauki uku, ta ɗauke.

Ɗaya daga cikin ukun ma ba na waje ba ne. Cikin tamfol ne, inda numfashina na dare ya daskare ya yi wasu fararen furanni sirara, waɗanda in ka motsa su zubo maka a fuska.

Abin da ke damuna da yawancin hotunan sanyi, har da nawa, shi ne sanyin ba ya fitowa. Ma'aunin hasken kyamara an gina shi a kan zaton duk abin da ke gabansa matsakaicin toka-toka ne, don haka in ka bar shi da dusar ƙanƙara sai ya mayar da ita kamar tsohon zanen gado. Dole ka ƙara haske mataki ɗaya, wani lokaci biyu, kana lura kada farin ya ƙone. Wannan gyaran na yarda da shi. Wanda ban yarda da shi ba shi ne goge shuɗin inuwa. Dusar da ke inuwa shuɗin sama ne ke haska ta, shuɗiya ce da gaske, amma mutum ya zauna gaban kwamfuta ya yi ta ɗumama ta har ta koma auduga, ka ga wurin kamar za ka iya kwanciya ba riga. Ga kuma hoton nan da kowa ke yi: ƙafafu biyu a miƙe cikin lilo, safa mai ado, kofi na tururi, tafki a gaba. Ni ma na yi shi, ba zan ɓoye ba. Daƙiƙa 30 ƙafafun suka yi a waje. In ana son a ga sanyi, a ɗauki takalmin da ya kwana a ƙasa ya sandare har sai an buga shi da itace kafin ƙafa ta shiga. A ɗauki ƙanƙarar da ke gashin ido, da bakin gorar da ya toshe, da huci idan rana na bayansa.

Kyamarar ba ta buɗe ido ba sai wajen azahar. Hoton bakin tafkin nan a rana ta uku na ɗauke shi, safar hannu biyu a hannu, ban cire ko ɗaya ba. Fatar kan yatsu biyu na dama ta saɓule bayan mako guda, kuma har yanzu su ne ke fara sanar da ni an shiga sanyi. Wani ɗan lebur ɗin ƙarfe yana nan ɗaure da jan zare a jikin ƙafar kyamara, makulli kuma aljihunsa daban, mai zif.

Da na dawo gida na zauna ina bin hotuna 170 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ina share su. A na goma sha tara na tsaya. Taurarin tas, Kaza da 'Ya'yanta daidai inda na so su, tamfol na haske kamar yadda na yi ta mafarki. A gabansa kuma ga wani baƙin dunƙule a durƙushe, kai a sunkuye, gefensa ya ɗan dushe saboda karkarwa. Na tura wa ƙanwata shi tare da na bakin tafki. Na tafkin ko kallo bai ishe ta ba.

"Yaya, me kake yi a durƙushe a nan?"

Na ce igiyar tamfol nake gyarawa.

Ta yi shiru na ɗan lokaci, na ga alamar tana rubutu, ta goge, ta sake. Sai ga shi: "Da hannu a hammata?"